Girgizar da Ba Ta Ƙirguwa

Zuwa ga yayana Haliru, matuƙin jirgi mai saukar ungulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙanwa ke durƙusawa ta yi wa wanta, ina roƙon Allah Ya sa ƙasar da ta rufe ka ta yi maka sauƙi. Ni ce Kulu, ƙanwarka ta Bodinga, wadda ka bari da farar rigar asibiti da bakin da ba ya gajiya. Rigar na daɗe da ajiye ta. Bakin yana nan.

Na san abin dariya ne tsohuwa ta zauna tana rubuta wa wanda ya rasu tun zamanin layin sabulu da madara. Ƙafafuna ne suka sa ni. Kwanakin nan sun fara wani irin yam-yam, kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata, kuma ranar da na fara jin haka kai ka faɗo mini a rai. Akwai maganar da ba mu gama ba ni da kai, Yaya, kuma ta ƙafa ce. Ka tafi ka bar mu muna maganin ciwon da ba a jikinka yake ba. A wutsiyar jirginka yake, kuma ka sani.

Bari in tuna maka, ko da yake kai ne mai labarin.

Daminar nan ce da kamfanin da aka ɗauko don feshin jan-baki, tsuntsun nan mai cinye gero, ya turo ka gida. A lokacin mutanen garin Shagari sun saba da jirage, don mulki na hannun ɗan gari, manyan baƙi na sauka suna tashi, har awaki sun daina gudu. Amma naka daban ne. Tsoho ne, fentinsa ya koɗe, yana warin magani, kuma wanda ke cikinsa ɗan Inna ne. Tun daga Bodinga har Dandin Mahe, in an ji ƙararsa sai a ce ga na gida nan. Ni kuwa a asibitin sha-ka-tafi ban bar kowa ya huta ba. Mai ciwon ciki ma sai ya ji cewa yayana ne ke wucewa a sama kafin in ba shi magani.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi jirgin ba, ita ce Inna. Kai ne ɗan farinta. Tun yaye aka kai ka wurin kaka a Sifawa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Wancan, shi ne sunanka. Kana durƙushe kana gaishe ta, ita tana amsa wa tukunya. Kana zaune a tsakar gida za ta ce da ni, “Kulu, tambayi wancan ko ya ci abinci.” Ni kuma in juya in tambaye ka da ƙarfi, kai ka amsa mini da ƙarfi, mu yi ta dariya. Na ɗauka kai ma dariyar kake yi har ciki.

Ka tuna ranar da ka ɗauke ni daga Bodinga zuwa Shagari? Tafiyar da mota ke yi a ɗan lokaci, amma na nace sai ta sama. Muna ɗagawa na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Komai na rawa, kujera, ƙofa, haƙorana. Na ce ka sauke ni, jirginka zazzaɓi yake yi. Ka yi dariya har ka share ido, ka ce, “Jirgin ga kullum rawa shi kai, Kulu. In yab bar rawa mun mutu. Abin da ni ka saurare shi na sakewar kiɗi.”

Daga nan ka shiga karantar da ni, don kai ba ka iya ganin jahili ka ƙyale. Ka ce girgizar jirgi iri uku ce, kuma matuƙi da jikinsa yake gane su kafin agogunan gabansa su faɗa masa. Ta farko ita ce wadda ake iya ƙirgawa, duk zagaye ɗaya na babbar farfela bugu ɗaya. In tana ɗaga mutum sama da ƙasa kamar sassarfar jaki, to fiffike ɗaya ya bar sawun ɗan'uwansa. In kuwa gefe da gefe take kaɗa shi, ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ko da laka ce ta manne masa. Ka sa na rufe ido na ƙirga. Na kuwa ji ta, can ƙasa-ƙasa, jakin nan yana sassarfa.

Washegari na ga yadda kuke maganinta, kai da Isiyaku bakanikenka. Ya goga jan alli a bakin fiffike ɗaya, shuɗi a bakin ɗayan. Ka tada jirgi yana ƙasa, shi kuma ya matso da doguwar sanda mai ƙyalle a kai, a hankali, iska na neman cire masa riga, har bakin fukafukan suka shafi ƙyallen. Da aka duba, ja na sama, shuɗi na ƙasa. Ya hau ya ɗan murɗa wani ƙarfe, aka sake, aka sake, har ja ya hau kan shuɗi. Na ce ashe duk karatun nan da ka yi, da alli da tsumma ya ƙare. Ka ce ni ma ai da auduga da ruwan zafi nawa ya ƙare.

Ta biyu ka ce ta sakaci ce. Wani abu ne ya saki, ƙofa ko tankin magani ko ƙafar jirgin, sai ya riƙa karkarwa irin ta akwalar mota. Ita da tafin hannu ake farautarta, a dafa nan a dafa can har a ji inda ta yi shiru. Ka kuma ɗora yatsuna biyu a kan sandar tuƙi, ka ce in ji yadda take da laushi. Ka ce ranar da ta yi nauyi, ko ta fara harbin hannu, man da ke taimaka wa matuƙi ne ya tsiyaye, kuma ba a gardama da ita, sai a nemi fili a sauka.

Na ce to ta uku fa? Ka dubi gabanka, ka ce, “Ta ukku ba ta hwasinja ba ta.” Ka nuna mini rufin gidanmu daga sama, na manta da tambayar.

Ba a daɗe ba ƙafafunka suka fara. Za ka dawo daga feshi, ka cire takalma a bakin tabarma, ka riƙa buga dugaduganka a ƙasa kamar mai kashe kunama. In ka miƙe sai ka dafa bango. Ni da nake ma'aikaciyar jinya ban lura ba. Wadda ba ta kallonka ita ta gani. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, “Kulu, mi as samu wancan ga ƙahwa?”

Daga ranar gidanmu ya zama asibiti. Ni na ce ƙarancin sinadari ne a jini, na kwaso 'yan alluran da suka rage mana a Bodinga, a lokacin da ko ƙwayar ciwon kai sai mun rubuta wa mutum ya je ya nema. Kawu Sarkin Noma, wan Inna na Dandin Mahe, ya ce babu wani sinadari, baki ne, don ba a tashi sama a gaban mutane a zauna lafiya. Ya aika Sifawa aka kawo rubutu. Ka sha rubutu, ka karɓi allura, har kana yi mini tsiya wai hannuna ya fi ciwon zafi. Ko sau ɗaya ba ka ce mana mu dakata ba.

Inna kuwa turmi ta jawo. Ta daka citta da wasu saiwoyi, ta kwaɓa da man shanu, ta ɗumama a kasko. Na zaci ni za ta miƙa wa. Sai na ga ta taso da kanta, ta zauna a ƙarshen tabarmarka, ta kau da kai wajen bango, ta ɗauki ƙafarka ta ɗora a cinyarta. Ta fara murzawa tun daga yatsu.

Yaya, na ga fuskarka. Ƙato da kai, mai gemu, wanda ke ɗaga ƙarfe sama, ka rasa inda za ka sa idonka. Ka dubi rumbu, ka dubi kaji, ka dubi sama. Gumi ya jiƙa maka wuya. Ni da ba na barin abin tsiya ya wuce, ranar ɗaki na shige.

Haka aka riƙa yi kullum. Ba ta yi maka magana, ba ka yi mata. Ta murza dama, ta murza hagu, ta goge hannu a zane ta tashi. In ka makara, kaskon na bakin murhu yana jira.

Abin da ban sani ba a lokacin, Isiyaku ne ya gaya mini bayan an watse zaman makoki. Ya same ni a zaure, ya ce akwai abin da ya kamata in sani. Shi ya koya mini ta ukun da ka hana ni. Ya ce ita ba ta ƙirguwa, don ta fi ƙirga sauri. Ba ta kaɗa mutum, ba ta ƙara. Zuga take yi siririya, ta biyo ta fedojin da matuƙi ke takawa ta shiga tafin ƙafa, har ƙafar ta mutu. Wani lokaci hanci ya yi ƙaiƙayi, alluran agogo su yi dishi-dishi. Ya ce daga wuri biyu take fitowa, ko inji, ko 'yar farfelar wutsiya, wadda ita ke hana gangar jirgin juyawa kamar dutsen niƙa.

Ya ce kun tashi tare kun gwada. Ka rage gudu, ka ƙara, tana nan. Ka saurari inji, lafiyarsa lau. Sai ka taka fedar hagu a hankali, zugar ta ƙaru, ka saki ta ragu. Ka sa shi ya ɗora ƙafarsa ya ji. Daga nan kuka sauka. Ya je ya dafa akwatin giyar wutsiya, ya janye hannu don zafi. Ya kwance ɗan murfin nan mai maganaɗisu da ke kama dattin mai, ya goga a tafinsa, sai ga garin ƙarfe baƙi, mai laushi kamar kwalli. Boris ne, ƙarfen da farfelar ke juyawa a kansa, ke cin kansa a ciki.

An aika a kawo sabo. Amma lokacin ne aka ce a tsuke bakin aljihu, kayan waje sai da izini, izinin kuma ba a san ɗakin da yake kwana ba. Kullum amsar kamfani ɗaya ce, yana hanya. Isiyaku ya ce a ajiye jirgi, ka yarda, aka lulluɓe shi da tamfol a bayan gari. Mu ka ce mana ana jiran maganin feshi ne.

Ka ga inda ƙaddara ta yi mana dariya? Da ka daina tashi, ƙafa ta warke. Ka daina dafa bango, ka daina buga dugadugai. Ni na ce allurata ce. Kawu ya ce rubutu ne. Inna kuwa na ji ta tana waƙa a bakin murhu, abin da rabona da ji tun rasuwar Baba. Gari duka ya ɗauka cewa maganin Inna ya kama. Mata har aikowa suke a sam musu.

Sai tsuntsu ya sauka. Gero ya kai tumu, shekarar da kowa ya zuba ransa a gona don kasuwa ta fi ƙarfin talaka. Da hantsi za ka ga sun taso daga fadama kamar hayaƙi, su sauka a gona, su tashi su bar zangarniya fayau. Mutane suka koma kwana a gona da gwangwani da majajjawa, muryoyi suka dushe. Wanda ya kore su daga tasa, ta maƙwabcinsa ya tura su.

Ranar da Kawu ya zo da dattawan Dandin Mahe ina nan. Ka shimfiɗa musu tabarma, ya ƙi hawa. Ya tuɓe takalma ya zauna a ƙasa a gabanka, wan mahaifiyarka, da furfurarsa. Ka yi ka yi ya tashi, ya ƙi. Ya ce, “Ɗan ƙanwata, ba umurni munka zo da shi ba. Mun gano makwancinsu, duhuwar bakin hwadama. In anka ƙara kwanaki babu abin kai wa rumbu. In ba ka iyawa ka hwaɗi, wallahi ba mu riƙe ka.” Sannan ya tambayi abu ɗaya tak da yake tsoro, ya ce, “Ƙahwar hwa?”

Inna na bayan zana, kowa ya san tana ji. Ka ce, “Ta yi sauƙi, Kawu. Maganin Inna ya yi aiki.”

Kalma ɗaya ta rage ka ƙara, Yaya. Da ka ce ciwon na jirgi ne, Kawu da hannunsa zai ɗaure jirgin nan da igiya a gindin tsamiya. Mutumin nan bai taɓa aiken ɗan wani rijiya ba tare da ya gwada igiyar guga ba. Ya tambaye ka abin da ya sani, ka amsa masa abin da ya tambaya, ka bar shi ya tashi yana sa maka albarka.

Isiyaku ya ce da suka tafi ya tare ka a bayan gari, ya ce ka faɗa wa mutanenka gaskiya. Ka ce tashi ɗaya ne, makwancin na kusa, za a cika giris a lallaɓa. Ya ce ba wannan ya tambaye ka ba, me ya hana ka gaya musu tun farko cewa ƙafarka lafiya lau take? Ya ce ka daɗe kana wasa da bakin tamfol, sannan ka ce, “Isiyaku, tun da anka yaye ni hannun Inna bai taɓa jikina ba sai bana. Bar ni in ƙare magani.”

Na bi motar kamfani ranar, don maganin feshi kan sa mutane jiri, ana son mai jinya a kusa. Da rana ta yi ja tsuntsaye suka fara komawa duhuwa. Isiyaku ya ɗora ƙafa zai hau, ka ce ya sauka, tanki ya cika, nauyi zai yi yawa. Ya ce da ni daga baya ƙarya ce, kun sha tashi da fiye da haka.

An yi shela kada kowa ya matsa kusa. Amma yunwa ba ta jin shela. Kana yin zagayen farko tsuntsaye suka fara zubowa, sai mutane suka ɓarke da gudu zuwa ƙarƙashin duhuwar da kwanduna da buhuna, maza da mata, don a shekarar nan ko jan-baki nama ne. Ka juyo zagaye na biyu a kansu. Ni ban ji komai ya sake ba. Isiyaku ne ya damƙe ƙofar mota ya ce innalillahi, tun kafin hancin jirgin ya fizge gefe.

Ya ce dokar aikinku a bayyane take. In wutsiya ta mutu, matuƙi ya kashe ƙarfin inji nan take ya sauka inda yake, don muddin inji na murɗa babbar farfela, gangar jirgi za ta yi ta juyawa. Da ka yi haka, wataƙila da karaya ka tsira. Amma inda kake, kawunan mutane ne. Sai ka dunƙufar da hanci ka ƙara gudu, don iska ta riƙe maka wutsiya, ka ja shi a karkace ka tsallake fadamar duka. Ka kai shi tudun nan da ba a nomawa. A can gudun ya ƙare, ya fara juyawa.

Ba zan rubuta abin da na gani a tudun ba. Kai ka fi ni sani, kuma masu karanta wannan ta bayan kafaɗata ba su da buƙatarsa. A bayan mota na cire maka takalma, ina neman jijiya a ƙafa tun da na rasa ta a wuya. Ƙamshin citta da man shanu ne ya buge ni.

Mun isa gida kaskon na bakin murhu. Kawu ne ya shiga ya gaya mata. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ai ba a yi wa ɗan fari. Ta ce, “Maƙiya sun hi mu sauri.” Ta sauke kaskon ta kife.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ko geron ba a samu ba. Kwana kaɗan wasu tsuntsayen suka taso daga wani makwancin da ba wanda ya sani, suka share abin da ya rage. Kamfani ya kwashe tamfol ɗinsa ya tafi. Kafin wata damina sojoji sun karɓi mulki, jiragen manyan baƙi suka daina sauka a Shagari, ruwa ma ya ɗauke. Mutanen da ka tsallake da jirgi, da yawansu yunwa ta kore su kudu, wasu ba su dawo ba. Maƙera suka bi tudun suka tsince abin da ya rage. Har yau akwai gidan da ake kwasar miya da ludayin jirginka.

Boris ɗin ya iso, ka sani? Bayan komai. Isiyaku ya ce a ɗan kwali ya zo, bai fi tafin hannu ba.

Ban gaya wa Kawu ba, don da ya ji da ya mutu yana ganin shi ya tura ka. Ban gaya wa Inna ba, kuma ba na nadama. Ta yi shekaru bayanka tana ba mata labarin yadda maganinta ya tada ƙafar wancan. Kwanakin nan su ne kaɗai abin da ta mallaka naka, ban ga dalilin ƙwace mata ba. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunanka ba. Na kasa kunne a bakinta ranar ƙarshe, ko za ta yi. Kalmar shahada ta yi, alhamdu lillahi, ba ta ƙara komai ba.

Na yi fushi da kai, Yaya, fushi mai tsawo. Na ce mutumin da ya iya sauraron ƙarfe, ya san bambancin sassarfa da karkarwa da zuga, ya taka feda ya gano inda mutuwarsa ke kwance, amma ya kasa buɗe baki a tsakar gidan uwarsa. Na ce son kai ne. Ka sami murzar ƙafarka, mu ka bar mu da kasko a kife. Shekaru ina kai maka addu'a da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna ka da yatsa.

To ga shi yanzu nawa ƙafafun sun fara.

Ni ba sai an taka mini feda ba, aikina ne. Na ga kumburin, na ga launin idona, na je Sakkwato ni kaɗai aka ɗebi jini. Likitan yaro ne, yana ta zagaye-zagaye, na ce ɗana faɗi, na riga ka shiga asibiti. Ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Irin gyaran da kayansa ba sa isowa a kan lokaci ne, ka gane.

'Yar farina ce ta lura. Ba ka san ta ba, bayanka aka haife ta. Na yi mata yadda aka yi maka, don haka muka tarar ana yi. Gwaggonta ta raine ta, ban taɓa kiran sunanta ba, in tana ɗaki ƙannenta nake yi wa magana. Ni da na ga fuskarka a kan tabarmar nan, Yaya, ban koyi komai ba. Ta ga ina buga dugadugai, ta ce sanyi ne. Yanzu kullum bayan la'asar sai ta baro gidanta da 'yar kwalbar man zafi, ta zauna a ƙarshen tabarma, ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ni ce ke kau da kai wajen bango. Jiya ta ce, “Inna, da sauƙi?” Na ji bakina ya ce maganinki na aiki.

A nan fushina ya ƙare. Na gane abin da ka saya da shirunka, kuma na gane ba ka ga ya yi tsada ba. Wallahi ni ma da za a bar ni, haka zan lallaɓa har ƙarshe, tana murzawa ina shiru.

Amma ni na zauna a ɗaya gefen. Na san yadda ake ji in bakanike ya tare ki a zaure bayan an watse, ya gaya miki abin da mai shi ya ɓoye. Ba na son likitan nan ya zama Isiyakunta. Shi ya sa ban ɓoye wannan wasiƙa a ƙarƙashin katifa ba, na sa ta inda kowa zai gani, kuma na san za ta karanta kafin rana ta faɗi. Na san abin da zai biyo baya. Gobe ba da kwalba za ta zo ba, da mota za ta zo, da ƙannenta, da kuka, a yi ta yawo da ni daga wannan layi zuwa wancan, kuma ba abin da zai sake. La'asar ɗin nan tamu ta ƙare ke nan. Kai ka riƙe taka har ranar ƙarshe, ni da hannuna nake sakin tawa, kuma ban san wanda ya fi wani wauta a cikinmu ba.

Tun da asara ta tabbata, bari in fanshe abu ɗaya. Inna ta tafi da sunanka a cikinta. Ni ba zan tafi da wannan ba. Sunanta Safiya, Yaya. Safiya. Hannuna na rawa, amma ga shi na rubuta, kuma irin rawar da ake iya ƙirgawa ce.

Allah Ya jiƙan ka, Ya karɓi tsallaken nan da ka yi da jirgi a matsayin shahada, Ya yafe maka shirunka. Allah Ya jiƙan Inna da Baba da Kawu, Ya saka wa Isiyaku da alheri duk inda yake. Allah Ya haɗa ku a inda babu kunya tsakanin uwa da ɗa, ta dube ka ido cikin ido ta kira ka Haliru. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya ba Safiya haƙurin da ya fi nawa.

Ka matsa mini a tabarma, ba zan daɗe ba.

Ƙanwarka mai baki,
Kulu, Bodinga.